Yadda Kwangila Ta Tashi Daga Ɗauri Ta Koma Rabo

A Hausar yau kwangila aba ce da ake nema, ake samu, ake bayarwa, ake rabawa, har ma a sayar. Za ka ji an ce gwamna ya ba wane kwangilar titi, ko wance ta samu kwangilar kai abinci makarantun kwana. Da wuya ka ji an ce mutum biyu sun ƙulla kwangila, alhali kuwa ƙullawa muke yi wa ciniki da abota da zumunci da yarjejeniya. A harsunan da kalmar ta biyo kafin ta iso mana, jigon ma'anarta shi ne ɗaurin da ke tsakanin mutum biyu, wanda babu mai ikon kwance shi shi kaɗai. A bakinmu sai ta zama sunan wani rabo da ke saukowa daga ofis zuwa hannun mai uwa a gindin murhu. Ba haka kawai wannan ya faru ba. Ƙofar da kalmar ta shigo ta ciki ce ta ba ta wannan hali, kuɗin mai kuma suka ƙarasa aikin.

Asalinta Latin ne, harshen Rumawan da. Suna cewa contractus, daga aikatau contrahere, wato a jawo abubuwa a haɗa su wuri ɗaya. Daga wannan saiwa ta ja ce tarakta ma ta fito, motar noman da ba ta da aiki sai jan garma. Tun a Dokokin Alluna Goma Sha Biyu, waɗanda aka rubuta wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa na da wani nau'in bashi da suke kira nexum, ma'ana ɗaure. Mai cin bashin jikinsa yake jinginarwa, in ya kasa biya ya koma yi wa mai kuɗi bauta. Sai a wajen shekara 326 kafin haihuwar Annabi Isa aka soke wannan, aka ce dukiyar mutum ce za ta tsaya wa bashinsa, ba wuyansa ba. Akwai kuma alkawarin baki da baki, inda ɗaya zai tambaya ko an yi masa alkawarin kaza, ɗayan ya amsa nan take da kalmar da aka tambaye shi da ita. Saboda haka kurma da bebe ba su iya ƙulla irinsa, haka ma wanda ba ya wurin.

Wani malamin shari'a mai suna Gayus, wanda ya yi rubutu a wajen shekara ta 160 miladiyya, ya kasa waɗannan ƙulle-ƙulle gida huɗu: wanda ke tabbata da miƙa kaya, da na furuci, da na rubutu, da wanda yardar juna kaɗai ta wadatar. A gida na huɗu ya sa saye da sayarwa, da haya, da haɗa jari, da wakilci. Nan ne babban ci gaban da Rumawa suka kawo, domin sun yarda cewa amincewar mutum biyu, ba tare da wani biki ko tsafi ba, ta isa alƙali ya tilasta wa wanda ya saɓa. A ƙarƙashin haya akwai bayar da aiki dungurungum, a ce gina min kaza a kan kuɗi kaza. Hukumar Rum kanta haka take bayar da aikin tituna da hanyoyin ruwa da karɓar haraji ga masu jari. Ashe ɗan kwangila tsohon ɗan gari ne a duniya. Sai dai a can aikinsa reshe ɗaya ne cikin rassa masu yawa, ba shi ne bishiyar ba.

Kalmar ta shiga Turancin Ingila a ƙarni na 14 ta hanyar Faransanci. Alƙalan Ingila suka ƙara mata sharaɗinsu, cewa alkawarin da ba a ba da wani abu a madadinsa ba, ko yaya ƙanƙantarsa, kotu ba ta tilasta cika shi, sai in an rubuta shi an buga masa hatimi. A 1677 majalisarsu ta yi dokar da ta wajabta rubutu da sa hannu a wasu ma'amaloli, cikinsu har da cinikin ƙasa, a 1893 kuma ta yi dokar sayar da kaya. Waɗannan duka sun zama namu, domin an tsara cewa dokokin gama-gari da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairun 1900 su yi aiki a kotunan Najeriya. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa kundin Napoliyon na 1804 suka gada, wanda ya ɗauki yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida a matsayin doka a kan waɗanda suka ƙulla ta.

Amma kafin duk wannan ya iso, ƙasar Hausa ba fili ba ce fetal. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kurmi ko a kara ranar kasuwa ya san tsarin. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka. A ƙara, ya sake cewa albarka. Har a kai inda zai ce ya sallama. Daga wannan kalma ciniki ya faɗa, kuma dillalin da ya karɓi la'ada da mutanen da ke tsaye shaidu ne. Wanda ya janye bayan sallama ya zubar da girmansa a kasuwar. Wannan ya dace da mazhabar Malikiyya da muke bi, wadda take ganin da zarar an yi tayi an karɓa, ciniki ya lizimci kowa ko da ba a tashi daga wurin ba. Larabci na kiran wannan aƙdu, wato ƙulli irin na igiya, kuma ba mamaki da muke cewa ɗaurin aure, muke lissafa saki da igiya. Suratul Ma'ida da umarnin cika irin waɗannan ƙulle-ƙulle ta buɗe, aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuma, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take. Alƙalan Kano da Zazzau da Katsina da Sakkwato suna da littattafansu a gefe, Risala ta Ibn Abi Zaid da Muktasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, kuma babin ciniki da haya da jingina na cikin mafi faɗi a cikinsu.

Akwai wuri ɗaya a wannan fiƙihu da ya kamata duk mai bayar da aikin gwamnati ya haddace. Malamai sun bambanta hayar mutum ta lokaci, wadda ake biya gwargwadon kwanakin da ya yi, da abin da suke kira ju'ala, wato a ce wa mutum haƙa rijiya har ka cim ma ruwa, ko nemo min raƙumina da ya ɓata, ladanka kaza. A ju'ala babu lada sai aiki ya kammala, kuma Malikawa ba su yarda a gindaya sharaɗin biya tun kafin a fara ba. Bahaushe na da kalmarsa ta aikin da ake yanke wa kuɗi dungurungum, jinga. Magini ko mai haƙar rijiya ko mai noman ƙodago, in aka yi jinga da shi, ya san kuɗinsa na rataye ne da ƙarshen aikin. Ke nan abin da Bature ya zo da shi ba baƙo ba ne. Muna da shi, har da ƙa'idar da ta kare mai bayar da aiki.

Ƙarfin wannan tsari bai tsaya a gida ba. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969. Abin da ya gani shi ne fataken shanu daga Arewa na sauka a hannun maigida, ana sayar wa mahautan Yarbawa shanun bashi, babu takarda, babu banki, babu kotu. Maigidan ne ke tsaya wa bashin. In mahauci ya ci kuɗi, maigidan ne zai biya baƙonsa daga aljihunsa, mahaucin kuma ba mai sake ba shi ko ɗan maraƙi sai ya sauke nauyin. Dukiya mai yawa ta yi ta yawo tsakanin Arewa da Kudu a kan wannan amana, haka ma goro da ke tafowa ta ɗaya ɓangaren.

Kalmomin da muke da su ma sun faɗi abin da muka ɗauki lamarin. Alkawari daga Larabci yake, asalinsa magana, abin da baki ya furta, shi ya sa aka ce kaya ne. Yarjejeniya kuwa 'yar gida ce, daga yarda. Ginin kalmar iri ɗaya ne da na turereniya da rigegeniya, inda kowa ke yi wa kowa, wannan ya tura wancan ya tura. Ba a yarjejeniya da mutum ɗaya, kuma ba a yin ta da wanda ba a nemi yardarsa ba.

Haɗuwarmu ta farko mai nauyi da takardar Bature ba ta yi kyau ba. A 1885 wani ɗan Sikotilan mai suna Joseph Thomson ya iso Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin George Goldie, wanda shekara ɗaya bayan haka ya zama Royal Niger Company. Ya koma da takardun da kamfanin ya ce sarakunan sun ba shi iko a kan gaɓar Kwara da Binuwai, a kan wasu kuɗi da zai riƙa biya duk shekara. A fahimtar fadar Sarkin Musulmi, izinin fatauci aka ba baƙi, kamar yadda aka saba ba kowane baƙo amana. Da waɗannan takardu Ingila ta yi wa Faransa hujja a 1890, lokacin da aka ja layi daga Sayi zuwa Barwa, layin da bayan gyare-gyare ya zama iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram. Takarda ɗaya, fahimta biyu, kuma ta mai bindiga ce ta yi aiki.

Ita kanta kalmar kwangila ba ta bakin lauya ko alƙali ta shigo ba. Ta wurin aiki ta shigo. Titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka shiga gina tasoshi da bariki da kantuna da ofisoshi, a Jos kuma kamfanoni na haƙar kuza. Aikin ƙarfi da yawa ta hannun sarakuna aka ɗebo masu yinsa, da tilas. Masu sana'ar hannu da akawuna kuwa mafi yawansu daga Kudu suka zo, suka zauna a Sabon Gari. Daga wannan cuɗanya muka samu kafinta da birkila da lebura da direba, dukansu sunayen masu aiki ne da kunnen Bahaushe ya ji ya gyara. Kwangila 'yar wannan ɗaki ce. Siffarta ta fi kusa da sunan da Bature ke kiran mai karɓar aikin, ba sunan takardar ba, kuma Yarbawa har yau kongila suke ce wa mutumin. Mu sai muka mayar da kalmar sunan aikin, muka laƙa mata ɗan, muka samu ɗan kwangila, kamar yadda muke da ɗan dako da ɗan kasuwa.

To, a nan ne ma'anar ta karkace. Wa ke bayar da irin wannan aiki? Gwamnati, ko En'e, ko babban kamfani. Wa ke karɓa? Wanda Bature ko hakimi ya sani. Ba a zauna an taya an yi albarka ba. Na sama ya yanke, na ƙasa ya gode. Tun ranar farko, abin da talaka ya gani a kwangila shi ne alfarma. Da siyasar jam'iyyu ta kankama a shekarun 1950, a duk jihohi ukun ƙasar, aikin gini da lasisin sayen amfanin gona da rance suka zama abin da jam'iyya mai mulki ke saka wa magoya bayanta da shi, take hana 'yan hamayya. Kafin a yi shekara shida da samun 'yanci, zancen kashi goma cikin ɗari ya zama ruwan dare, har sojojin da suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966 suka sa shi cikin hujjojinsu a jawabin da aka karanta a rediyon Kaduna. Jinin da suka zubar bai rage ko kashi ɗaya daga cikin goman ba. Abin da ya biyo baya ya ninka shi.

Farashin mai ya ninka kusan sau huɗu daga ƙarshen 1973, kuɗi suka malalo fiye da yadda ma'aikatu za su iya lissafawa. Abin da ya fi kowane nuna halin da aka shiga shi ne badaƙalar siminti ta 1975. Wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka, da take yanke hukunci a 1981, ta lissafa cewa Najeriya ta sa hannu a kwangiloli 109 da kamfanoni 68, na siminti sama da tan miliyan 16, a kan kuɗi da suka kusa dala biliyan ɗaya, alhali tashar jiragen ruwan Legas ba ta iya sauke ko kusa da wannan adadi na siminti a shekara. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a teku, ana biyan masu ɗauke da simintin kuɗin jira kullum, shi kuma yana daskarewa a cikinsu, abinci da magani sun rasa hanyar shigowa. Gwamnatin Murtala, wadda ta hau a ƙarshen Yulin shekarar, ta dakatar da biya ta kafa kwamitin bincike. Kamfanonin suka garzaya kotunan Landan da New York da Jamus. Najeriya ta ce ita ƙasa ce mai 'yanci, ba a gurfanar da ita a kotun wata ƙasa. Alƙalan suka ce wanda ya shiga kasuwa ya sayi siminti ɗan kasuwa ne. Har yau ana karantar da waɗannan shari'o'i ga ɗaliban lauya a duniya.

A Arewa mun ga wata fuskar. Madatsar ruwan Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara kamfanin Impresit na Italiya aka ba aikinta a shekarun 1970. Takardar tsakanin gwamnati da kamfani take. Manoman da ruwa ya cinye gonakinsu da gidajensu, da waɗanda aka baje musu filaye aka hana su shuka, ba su cikin masu sa hannu. Da suka tare hanyoyi suna neman diyya, a Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane da dama, aka ƙona ƙauyuka. An yi kwangila, amma ba a yi yarjejeniya da masu ƙasar ba.

Daga wannan zamani ne harshen ya cika da sababbin maganganu. Kuɗin kafin alƙalami, wanda a da ɗan abin da ake miƙa wa malam ne kafin ya fara rubutu, ya koma sunan miliyoyin da ake ba ɗan kwangila kafin ya kai ko shebur wurin aiki. Aka samu masu sayar da takarda, mutumin da ba shi da ko baro ya karɓi aikin gada, ya sayar wa wani, wancan ma ya cire nasa ya sayar, har abin da zai isa hannun mai yin aikin ba zai gina rabinta ba. Kwamitin da shugaban ƙasa ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ba da rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba. Ba sai an karanta rahoto ba, kowane gari na da asibitinsa da ya tsaya a linta, da rijiyar burtsatsen da aka yi bikin buɗewa ba ta taɓa kawo ruwa ba.

An yi ƙoƙarin gyara. Gwamnatin Obasanjo ta buɗe ofishin bin ƙa'ida wajen bayar da ayyuka, a Yunin 2007 kuma Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar sayen kaya da bayar da ayyukan gwamnati. Dokar ta wajabta tallata aiki a fili da yin takara, ta kuma ƙayyade a wancan lokacin cewa kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, shi ma sai da lamunin banki ko na kamfanin inshora. Doka ce mai kyau, kuma ta kusanto abin da malamanmu suka faɗa a babin ju'ala. Sai dai adalci ne a faɗi cewa ɗaurin ta ɓangare biyu ya saki. Akwai 'yan kwangila na ƙwarai da suka ci bashin banki suka gama aiki, suka shekara da shekaru suna zarya a ma'aikata, ruwan bashi na cin gidajensu, wasu har suka mutu ba a biya su ba. Hukumar da ke ganin alfarma ta yi maka da ta ba ka aiki, ba ta jin biyanka wajibi ne a kanta.

Wani abin lura shi ne da Hausa ta buƙaci kalmar a ma'anarta ta asali, sai ta sake aro ta karo na biyu. Da ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya koma Leicester daga CSKA Moscow a 2016, gidajen rediyo ba su ce an ba shi kwangila ba, cewa suka yi ya sa hannu a kwantiragin shekara huɗu. Kwantiragi na da wa'adi da sharuɗɗa, ana sabunta shi, ana biyan diyya in an karya shi. Haka ake cewa ma'aikacin kwantiragi ga wanda banki ko asibiti ya ɗauka na ƙayyadadden lokaci ba fansho. Tsakanin ƙasashe, ko tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'a, yarjejeniya ake cewa. Kwangila ita kaɗai aka bar wa siminti da kwalta da kuɗin gwamnati.

A waje kuwa, inda aka haifi kalmar, ɗaurin bai saki ba, kuma mun kusa biyan tsadarsa. A Janairun 2010 ma'aikatar man fetur ta sa hannu da wani ƙaramin kamfani mai suna P&ID, mai rajista a tsibiran Virgin na Birtaniya, cewa zai gina masana'antar tace iskar gas a Kalaba, gwamnati kuma ta riƙa kai masa iskar har shekara 20. Ba a kai iskar ba, ba a aza ko bulo ɗaya ba. Kamfanin ya kai ƙara gaban masu sasanci a Landan, a 2017 suka yanke cewa Najeriya ta biya dala biliyan 6.6, ribar da ya ce da zai samu, tare da ruwa na kashi 7 cikin ɗari duk shekara. Kafin 2023 kuɗin sun haura dala biliyan 11, wajen kashi ɗaya bisa uku na ajiyar ƙasar ta kuɗin waje a lokacin. Ranar 23 ga Oktoban 2023 Mai Shari'a Robin Knowles na babbar kotun Landan ya yanke hukuncin da ya kuɓutar da Najeriya. Bai ce takardar wasa ba ce don ba a yi aiki ba. Abin da ya samu shi ne kamfanin ya ba wata jami'ar ma'aikatar cin hanci tun lokacin ƙulla yarjejeniyar, ya ci gaba da biyanta don ta yi shiru, ya gabatar da shaidar ƙarya, ya kuma riƙe takardun sirri na lauyoyin Najeriya da suka faɗo hannunsa ana tsakiyar shari'ar. Ya kuma zargi jami'an Najeriya da sakaci wajen rubuta takardar da wajen kare ƙasar a gaban masu sasancin. A Disamban shekarar ya hana kamfanin ɗaukaka ƙara, ya umarce shi ya fara biyan fam miliyan 20 daga cikin kuɗin da Najeriya ta kashe a shari'ar.